Saƙon Garwa Mai Kwaɗo

Huseina ba ta yi boko ba, allon ma ba ta yi nisa ba, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa hakan ba. Abin da ta iya shi ne ta dubi idon mutum ta gane ko ƙarya yake shirgawa. Da wannan take tutiya a kasuwar Jimeta, inda take sayar da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Shi ya sa abin da Muktar ya yi mata ya tsaya mata a wuya. Yaron ya dube ta ido cikin ido ya yi mata ƙarya, ita kuwa har albarka ta sa masa.

Ɗanta Lawal ya ɓace ne ranar da 'yan bindiga suka shiga Mubi. Da safe ta aike shi kai niƙa, yana ɗan shekara goma sha huɗu, kafin ya dawo gari ya kama da harbi. Ta tsaya a ƙofar gida tana kiran sunansa har maƙwabta suka fizge ta suka yi daji da ita. Da ƙafa suka yi ta yankan duwatsu, wanda ya faɗi a bar shi, har Allah ya jefo su sansanin 'yan gudun hijira na Damare. A can tari ya kashe mijinta. Da sansanin ya watse ta kama ɗaki a unguwar Dubeli cikin Jimeta, ta aurar da 'yan matanta, ta zauna ita kaɗai da tirenta. Shekara goma da 'yan kai ke nan, ba gawa ba labari.

Akwai wata ƙungiya a Jimeta mai neman waɗanda rikicin ya raba da danginsu. Wata yarinya Marvelous ce ta fara ɗaukar bayaninta tun suna Damare, ta rubuta komai, har da tabon da ya raba girar Lawal ta hagu biyu, wanda turmi ya yi masa yana rarrafe. Tun daga nan Huseina ta mai da ofishin gidan zuwa. Ta ga an sake fenti, ta ga an sake motoci, ta ga an sake shugabanni. Amsar ce kawai ba a sake ba: a yi haƙuri, ana kan bincike.

Sai gab da azumin bana maƙwabciyarta ta ce Marvelous ta bar sallahu, wai saƙo ya zo daga Garwa ta ƙasar Kamaru, ta je ta nemi wani Muktar, shi ya karɓi aikinta don ita ta tafi haihuwa. Huseina ko takalmi ba ta tsaya daidaitawa ba. Muktar ya zaunar da ita, ya daɗe yana kallon kwamfutarsa yana dannawa, sannan ya ɗago ya ce, “Gogo, mun duba. Ba shi ba ne.” Ta ce ko za a nuna mata ta gani da idonta. Ya ce doka ta hana a nuna hoton mutum ga wanda ba danginsa ba. Ta ce Allah ya yi masa albarka, ta koma gida ta kwanta, ranar ko ruwa bai wuce mata ba.

Damina ta yi nisa, kogi ya cika har ya taɓa gonakin bakin gada, sai ga wata mata da goyo ta tsaya gaban tirenta.

“Mama Huseina, kai ne?”

Marvelous ce. Ta yi ƙiba, ɗan da ke bayanta har ya fara haƙori yana cin bakin zani. Hausarta irin ta 'yan Jimeta ce, mace da namiji duk kai ne a wurinta.

Huseina ta ce, “Ni ce, 'yata. Kika haihu ko ki aiko.”

“Abeg, Mama, wahala ne ya yi yawa. Yaya Lawal? Ya gane ka da ka je?”

Huseina ta ajiye ledar da take ƙullawa. “Da na je ina?”

“Garwa mana. Muktar bai kai ka ba?”

“Muktar ya ce ba shi ba ne.”

Marvelous ta gyara goyonta, fuskarta ta canza. “Ba shi ba kaman yaya? Ni da idona na ga hoton. Gira na hagu ya rabu biyu, daidai yadda ka faɗa min. Sun rubuta wai kan shi ba daidai ba, baya magana sosai, amma in an tambaye shi gida sai ya ce Kolere. Kolere ba unguwan ku ba ne a Mubi?”

Hayaniyar kasuwa ta yi wa Huseina nisa. Mai barkono da ke gefenta ta ce daga baya ko kaɗan muryar Huseina ba ta yi rawa ba.

“Kin ga ɗana, ba ki zo kin faɗa min ba?”

“Mama, ranan ƙarshe na a ofis saƙon ya shigo, naƙuda na kan hanya. Na kira wayan ka a kashe. Irin wannan saƙo a kulle yake zuwa, saboda hoton mutane ne, ba a so ya yi yawo. Wurin da ake dannawa a tura ma wani ma baya dannuwa. Sai na ɗauki saƙon gaba ɗaya na sa cikin wani sabo, na aika ma Muktar. Ya rubuto min da kan shi wai ya gani.”

“Ke kuma kika tafi haihuwarki.”

“Mama—”

“Naki yana bayanki kina jin numfashinsa. Zo mu je ki buɗe min.”

“Ba zan iya ba. Tun da na bar aikin suka rufe akwatina na saƙo.”

Huseina ta miƙe. Ta ja buhu ta rufe tire, ta ce wa mai barkono ta sa ido, ta tare Keke Napep.

Muktar na zaune cikin sanyin na'ura, farar shadda ta sha guga, wayoyi biyu a gefen hannunsa. Da ya gan ta ya yi murmushin da ake koya musu. “Gogo, sannu da zuwa. Bismillah ga kujera.”

“Ban zo zama ba. Buɗe min saƙon Garwa.”

“Ai mun gama da wannan tun tuni.”

“Kai ka gama. Buɗe.”

Duk shekarun nan ba ta taɓa wuce gaban tebur ba, nan ake ajiye irinsu, su zauna suna kallon bayan kwamfuta kamar masu jiran hukunci. Yau ta zagaya ta tsaya a bayan kujerarsa, warin daddawa ya cika masa hanci. Ya ce nan wurin ma'aikata ne. Ta ce ya kira mai gadi ya ɗauke ta.

Ya yi ta jan layukan rubutu sama da ƙasa kamar bai san inda abin yake ba, alhali hannunsa ya sani. Can ya tsaya kan wani layi. Ita rubutu duk jerin tururuwa ne a idonta, amma zane ta san zane. Akwai ɗan ambulan, a jikinsa ga ɗan kwaɗo irin na ƙofar shago. Ya danna. Wani akwati ya faɗo tsakiyar gilashin da rubutu a ciki. Ya yi wuf ya rufe shi. Ya sake dannawa, akwatin ya sake faɗowa.

“Me ya ce?”

“Netwok ne, Gogo. Yau yana wahala.”

“To. Mutumin da ka gani ranar nan, fari ne ko baƙi?”

“Gogo, an daɗe fa.”

“Yana da gemu?”

“Kamar... kamar akwai.”

“Tsoho ne ko yaro?”

“Dattijo ne dai haka.”

“A ina yake da tabo?”

Muktar ya dubi wayarsa ta farko, ya dubi ta biyu, ba wadda ta yi ƙara ta cece shi.

Huseina ta ce, “Ba ka taɓa ganinsa ba. Wannan abin bai taɓa buɗe maka ba. Ranar da na zauna can ina ta addu'a a zuciyata, wannan akwatin kake ta rufewa. Ka ɗago kanka mai kama da gwanda ka ce min ba ɗana ba ne.”

Ba ihu ta yi ba, amma muryar mai talla a kasuwar Jimeta ba ta san ƙasa-ƙasa ba. Ƙofar ciki ta buɗe, shugaban ofishin ya fito, Malam Hamajoɗa, dogon Bafulatani ɗan Wuro Hausa, mai magana a hankali kamar yana tsoron fasa ƙwai.

“Adda, lafiya? Mu shiga ciki a yi magana cikin natsuwa. A kawo wa Hajiya ruwa.”

“Ban je Makka ba, kuma ba ƙishirwa ta kawo ni ba. Karanta min wannan. Kai, danna.”

Muktar ya danna. Hamajoɗa ya sa tabarau ya sunkuya, ya karanta, ya miƙe a hankali.

“Cewa ya yi mai wannan akwatin saƙo ba shi da izinin buɗe saƙon.”

“Tun yaushe?”

“Ai... tun farko ke nan.”

Sai ya juya kan Muktar da Turanci, yana nuna shi da tabarau. Huseina ba ta jin Turanci, amma ta san faɗan da ake yi don baƙo ya gani, ta sha yi wa 'ya'yanta irinsa. Muktar ya sunkuyar da kai yana ta “Yes sa, yes sa,” har aka zo wani wuri da ya ga wuyansa kaɗai za a yanka. Ya ɗago ya amsa da Hausa.

“Yallaɓai, ai ranar na turo maka shi. Ka amsa min ka ce ka gani.”



Huseina ta ce, “Madalla. Ashe babba ya gani. Mu je ka buɗe a taka.”

“Adda, abin ba haka yake ba.”

“Mu je.”

Suka shiga ofishinsa mai kafet da labule. Ya zauna, ya nemo saƙon, ya danna. Akwatin nan dai ya faɗo, shi ɗin ne ko ɗigo bai canza ba.

To, ga yadda ake aiki a wannan gida, kuma duk wanda ya taɓa safa da marwa a ofis ya san irinsa. Suna da wata kalma guda da suke rubuta wa juna a ƙasan saƙo, ma'anarta na gani. Ƙarami ya tura wa babba, babba ya rubuta na gani. Babba ya tura wa ƙarami, ƙarami ya rubuta na gani. Cewa abu ya ƙi buɗuwa kuwa abin kunya ne, ya fi a ga mutum ba wando. Muktar sabon ɗauka ne, da takardar ƙwarewa a kwamfuta aka ɗauke shi, ina zai sa fuskarsa ya ce saƙo ya gagare shi a makonsa na farko? Sai ya tura wa oga, a ransa in akwai magana oga zai kira shi. Oga ya danna ya ƙi, ya ce ai yaran zamani sun buɗe a nasu, ya rubuta na gani. Da Muktar ya ga oga ya gani bai ce komai ba, sai ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba komai a ciki. Haka mutum biyu masu digiri suka haɗu suka gani, ba wanda ya ga komai.

Huseina ta ce, “Fahimtar da ni kamar jaka. Me ya sa ya buɗe wa Marvelous ya ƙi ku?”

Hamajoɗa ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga. “Wanda ya aiko shi ne ya kulle shi da sunan mutum ɗaya. Wannan mutumin kaɗai yake buɗe wa. In ya miƙa wa wani, saƙon zai isa, amma a kulle. Ko an tura wa mutum ɗari haka za su same shi. Don kare mutane aka yi, Adda, kada hoton wani ya faɗa hannun mugu.”

“Kwaɗon bai yi min laifi ba, aikinsa ya yi. Yaya ake buɗewa?”

“Sai dai a ce wa masu aikowa su sake aikowa da sunan Muktar ko nawa.”

“Sai me?”

“Shi ke nan.”

“Shi ke nan.” Ta dube shi, ta dubi Muktar da ke raɓe a bakin ƙofa. “Ba sai an je Abuja ba. Ba sai an kira Bature ba. Waya ɗaya. Wannan yana da biyu a kan tebur, kai ga taka ga ta ofis. Na yi azumi ina kuka, na yi salla ƙarama na yi babba, an yi shuka har masara ta yi goyo, ɗana yana can, ku kuna nan kuna jin kunyar juna kamar surukai. Kira su.”

“Za mu rubuta musu yau ɗin nan.”

“Rubutunku na gani. Kira su, ka buɗe murya in ji.”

Ya kira. Wata mata ta ɗauka da Faransanci, Hamajoɗa ya yi mata sallama da Fulatanci, ta juya harshe ita ma. Wannan ya yi wa Huseina daidai, don wanda ya girma a Mubi ba a sayar da shi da Fulatanci. Hamajoɗa ya fara kewaye-kewaye, wai an ɗan samu matsalar na'ura. Matar ta ce ta tuna da maganar sarai, bari ta sake turowa da sunan wanda ya ce.

Suka koma teburin Muktar. Ba wanda ya zauna sai shi. Jim kaɗan kwamfutar ta yi ɗan ƙara, sabon layi ya fito a sama, da ambulan ɗinsa da kwaɗonsa. Muktar ya danna. Wannan karon ba akwatin da ya faɗo. Rubutu ya bayyana, a ƙasansa hoto ya soma sauka daga sama: bango mai shuɗin fenti, gashi duk ya cukurkuɗe, goshi.

Huseina ta dafa bayan kujera.

Ba yaron da ta aika ba ne. Wannan namiji ne, ƙasusuwan kumatu a waje, gemu tsilli-tsilli, wuyan riga ya yi masa yawa. Girar hagu a rabe. Amma ba tabon ne ya kama ta ba. Yadda ya karkatar da kai gefe ne yana kallon mai ɗaukar hoton ta ƙasan ido, kamar wanda ake shirin yi wa faɗa. Ubansa ma haka yake yi. Ta miƙa yatsa ta taɓa gilashin, ya bar maiƙon daddawa a kan kumatunsa, ta sa bakin mayafi ta goge.

“Lawal ne,” in ji ta.

Hamajoɗa ya ce alhamdu lillahi har sau uku, ya ce Allah mai iko, ya ce ai komai da lokacinsa. Ta karɓe wayar daga hannunsa, don matar Garwa na kan layi ba ta kashe ba.

Da Fulatanci ta ce, “'Yar'uwa, ni ce uwarsa. Ina yake? Ba shi wayar.”

Matar ta ce, “Uwarsa? Ai an rubuto mana daga Yola cewa iyali sun duba hoton sun ce ba nasu ba ne.”

“Wa ya rubuto?”

Aka ji tana dannawa. “Wani Muktar.”

Huseina ba ta ko juya ta dube shi ba. “Ina ɗana yake?”

Matar ta ce a wani gida yake da ake kula da masu taɓin hankali, a bayan gari. Da amsar Yola ta zo sai aka rufe maganarsa. Farkon damina ya fita da safe bai dawo ba, kuma tunda an ce ba shi da kowa, ba wanda ya bi sawu da nisa. Amma bai bar Garwa ba a saninta. Wani ma'aikacinsu ya hango shi a bakin kogi wajen da ake sauke kifi, yana taya mata ɗaukar kwanduna suna ba shi abinci. An ɗan kwana biyu da ganin nan. Yanzu ruwa ya cika, masunta sun soma tashi zuwa wasu wurare, wani lokaci sukan tafi da irinsu.

Huseina ta miƙa wa Hamajoɗa wayarsa. Sannan ta juya.

“Da ka rubuta musu ƙarya, ashe ka san inda suke. Hannun da ya rubuta ba nasu ba ne, ya kasa rubuta ya ƙi buɗuwa?”

Muktar ya ce, “Gogo, don Allah ki yafe min. Wallahi ban ɗauka—”

“Kar ka sa Allah a bakinka yanzu, ka bari ya huce. Karo na farko masu bindiga suka raba ni da shi, su ban san fuskarsu ba, na bar su da Ubangiji. Karo na biyu kai ne, da farar shaddarka, kuma na san fuskarka.”

Hamajoɗa ya shiga tsakani. Ya ce abin da ya faru babban kuskure ne kuma ofis ba zai bar shi haka ba. Yau za a ba Muktar takardar tuhuma. Za a kafa kwamiti. Za a rubuta wa hedikwata a nemi izinin tafiya, in ya fito, ofis da kansa zai kai ta Garwa.

“Kai wa zai ba ka taka takardar?”

Ya yi kamar bai ji ba.

Ta ce, “Ciro min hoton a takarda.”

Muktar ya gwada. Ya ce wurin bugawa a mace yake, haka wurin kwafa, saƙon ba ya yarda a fitar da komai daga cikinsa. Hamajoɗa ya ce kada ta damu, mutanen Garwa za su ba ta hoton a can.

“To ai a can ɗin za mu karɓa. Farar motar nan da ke ƙarƙashin bishiya ta waye?”

“Ta ofis ce, Adda, amma ba ta ƙetare iyaka sai da izini.”

“Ta kai mu iyakar, ƙafata ta san sauran. Da ita na zo daga Mubi.” Ta nuna Muktar da haɓa. “Da wannan za ni.”

Muktar ya ɗago a firgice. “Ni? Yallaɓai, ni ban taɓa zuwa Kamaru ba.”

“Shi ma Lawal bai taɓa ba. Tuhumarku ku jiƙa ku sha, ba ta nemo min kowa. Korarsa ma ba na so, in an kore shi gida zai je ya kwanta uwarsa ta dama masa kunu. So nake ya tsaya gaban matar nan ya faɗa da bakinsa cewa shi ya yi ƙarya, ba ni na ƙi ɗana ba. In an ga Lawal, ya faɗa masa shi ma, ko yana ganewa ko ba ya ganewa. Kafin nan kuwa zai bi bakin kogi rumfa rumfa. Idona ya soma hazo, nasa garau ne.” Ta kama kan kujerarsa ta juya shi ya fuskanci kwamfutar. “Kalle shi. Wancan karon ka ce ka gani. Yanzu ka gani ɗin. Kalli kunnensa, kalli yadda haɓarsa take. Ba za ka tashi ba sai ka iya tsamo shi cikin taron kasuwa.”

Ta tsaya a kansa yana kallo, har sai da ta ga ya daina ƙifta ido irin na mai neman hanyar gudu. Sannan ta fita. Ba ta yi wa kowa sallama ba. Ta ratsa tsakar gidan, ta ja ƙofar farar motar, Allah ya sa direba ya bar ta a buɗe don ta sha iska, ta shiga gaba ta zauna ta ja ƙofa.

Hamajoɗa ya biyo ta, rana na dukan tsakar kansa. Ya yi magiya da Hausa, ya yi da Fulatanci. Ya ce ta sauko a yi abu bisa tsari, gobe ma rana ce. Ya ce zafin motar zai yi mata illa a shekarunta.

Ta ce, “In na mutu a ciki sai ka rubuta wa hedikwata.”

Ma'aikata suka fara leƙe ta taga. Masu jira a benci, mata irinta da ke zuwa neman nasu, suka taso suka kewaye motar, wata na tambayar wata me ya faru, labari na wucewa daga baki zuwa baki. Wata tsohuwa daga Madagali ta ce ita ma an taɓa ce mata an duba ba nata ba ne, wa ya duba? Hamajoɗa ya ji wannan tambayar sarai. Ya dubi matan, ya dubi Huseina da gumi ke tsiyaya ta gefen kallabinta ko gogewa ba ta yi, ya koma ciki da sauri fiye da yadda ya fito.

Bai daɗe ba ya dawo da wata takarda mai hatimi, direba na bayansa yana ɗaura agogo, Muktar a ƙarshe da jakar kwamfuta a kafaɗa. Hamajoɗa ya ce wa direba ya bi ta Fufore, ya ce mutanen Garwa za su tare su a ƙetare, ya kira su da kansa. Kalmar da kansa ya ƙara mata nauyi, yana satar kallon Huseina. Ba ta ba shi ko ƙifta ido ba.

Muktar ya tsaya a jikin ƙofar baya. “Gogo, ko zan ɗan biya gida in ɗauki kaya, in faɗa wa iyalina?”

“Shiga. Ka kira ta a hanya.”

Ya shiga ya zauna a takure, ya ciro waya ya fara dannawa da manyan yatsu.

Ta ce, “Ban ce ka rubuta mata ba. Kira ta, ka ji muryarta ta ji taka.”

Mai gadi ya ja ƙofar ƙarfe, motar ta fita titi.